Gawayin Kanada Da Ya Kore Mini Baƙi

A ƙarshen shekarun saba'in, ni ce gwanar turaren wuta a layinmu na Sa'alaba, nan Jidda. Biki ko suna, sai an aiko a kira ni. Allah ya ba ni hanci, ya ba ni baki, amma kunne kam sai a hankali, don ban taɓa barin mutum ya kai ƙarshen zancensa ba.

Aiki ya kai yayana Kanada tun 'yarsa tana goye, can ta girma har ta shiga jami'a. Da suka zo hutu, ta zaunar da ni da kakarta, wato innata, tana ba mu labari da Hausarta mai ɗingishi. Wai tana cikin ƙungiyar matan jami'arsu masu wasan hoki a kan ƙanƙara, da sanduna da takalma masu wuƙa a ƙasa. Ta ce waɗanda suka kafa ƙungiyar da kwancen kayan maza suka fara, ba a ba su fili sai maza sun gaji, shekara da shekaru ana lallasa su. Sai bana suka ɗauko kofin jami'o'i, kuma ita ta jefa ƙwallon ƙarshe. Na tuntsire da dariya, na ce mu nan ƙanƙara sara mana ake yi mu jefa a randa, su kuwa sun samu har ta takawa. Na ce halas, wato shi ke nan, na tashi duba miya. Ashe bayan fitata ta ciro ƙwallon nasarar. Al'adarsu ce kowace 'yar wasa ta riƙe shi ta nuna wa danginta, sannan ta miƙa wa ta gaba. Amana ce a hannunta, ni ban ji ba, ban gani ba.

Washegari mata suka cika gida yi musu sannu da zuwa, ga garwashin kaskona ya yi ƙasa, gawayi ya ƙare. Ina dube-dube sai na ga wani baƙin abu a kan kabad, naɗe a hankici, zagayayye, girman waina. Yo ni ƙwallo ai mulmulalle na sani! Na ce lallai gawayin Turawa ne aka kawo mini tsaraba. Na ɗora shi a garwashi, na yi fifita, na barbaɗa sandal da hawi, na shiga zagaya mata ina cika baki wai yau za su ji gawayin Kanada. Wata dattijuwa har da rufa mayafinta a kan kaskon.

Wayyo Allah! Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, wari kamar an cinna wa taya wuta. Dattijuwar ta fito da kai tana tari tana salati, mata suka yi waje kowa da takalmin wani, maƙwabcinmu ya faɗo da bokitin ruwa. Innata ta ce idan wannan ne ƙamshin Kanada, ɗanta ya tattaro ya dawo gida. Yarinyar kaɗai ba ta gudu ba. Ta sa cokali ta ciro abin, gefe ɗaya ya zagwanye, ta tsaya tana kallonsa hawaye na zuba. A hankali ta ce da gwaggo ta ƙara minti ɗaya a zaune jiya, da ta san mene ne. Wallahi gara ta zage ni.

Haka ta mayar da shi a ƙone. Daga baya yayana ya rubuto cewa abokan wasanta sun sha dariya, sun sa shi a akwatin gilashi kusa da kofin, har yana ƙamshin sandal. Sun sake cin kofi bayan nan, amma a bakin ubanta na ji. Takan gaishe ni da ladabi, ta kawo mini atamfa, sai dai ba ta ƙara zaunar da ni ta ba ni labarinta ba.

Shi ya sa nake jan kunnen 'yan uwana masu baki irin nawa. Idan yaro ya zo yana zumuɗin faɗa muku abin da ya yi, ko da bai yi kama da abin da kuka sani ba, ku zauna ku ji ƙarshensa. Miyar da na tashi dubawa ran nan ko tafasa ba ta yi ba.