Rawanin Mai Shayi

Shekarar da kaluluwa ta fito mini a wuya, ina sayar da shayi a bakin gada, inda manyan motoci ke jiran takardun duwan, wato kwastan, kafin su tsallaka Malanbil. Ta fara kamar ƙwayar gyaɗa, ba ciwo. Da ta kai ƙwan zabo sai tsoro ya kama ni. Ba tsoron mutuwa ba, tsoron kada direbobi su gani su koma teburin maƙwabcina. Wa zai sha shayin mai kumburi?

Sai na naɗa rawani. A Gaya, tsakiyar bazara, a gaban murhu! Gumi na zuba, ni kuwa a raina na fi kowa wayo. Direbobi suka koma kirana Malam, har wata rana aka tura ni gaba na ja sallar la'asar. Na ja kuwa, ba kunya.

Wanzami ya yi mini sakiya, wurin ya ƙi warkewa, yana ta tsattsafo da ruwa. Na tsallaka gada na sayo kafso don kada idon sani ya gan ni. Duk a banza. Yayata ce ta gaji, ta tasa ni gaba zuwa gidan likita, tana faɗa tun daga ƙofar gida.

Bayan gwaje-gwaje, majo, babban ma'aikacin wurin, ya ce, "Tibi ce."

"Haba majo, ni da ba ni tari?"

"Wagga a wuya ta zamna. Ƙirjinka lahiya lau, ba ka shafa ma kowa. Amma kak ka yanke magani."

Na yi watanni ina haɗiyar ƙwayoyi a ɓoye, rawani na nan daram. Ranar da na cire shi, wani tsohon direba daga Dosso, wanda ba ya wucewa bai zauna a bencina ba, ya ƙura wa tabon ido.

"Yaro, ka sha zahi a banza. Tun randa kan naɗa shi munka sani."

"To Baba, mi ya hana ku magana?"

Ya ja wuyan rigarsa ƙasa. Tabo irin nawa, tsoho.

"Da tawa ta hito, ba wanda ya ƙara cin tuwo da ni. Shi ya sa nac ce ma sauran direbobi, kowa nan za shi sha shayi."

Kunya ta rufe ni, idona ya cika da ƙwalla. Ya turo kofinsa.

"Ƙaro madara, Malam."