Kwana Tara Cikin Waya

Shekarar da anka ɗauke ni aikin ƙidayar gidaje don rabon sange, wato gidan sauro, Garu anka tura ni. Kowa da wayar aiki. In ka shiga gida sai ka rubuta mutanensa, wayar ta aje su cikinta, don rezo, wato layin sadarwa, bai kai can sosai. Sai ka komo Malanbil kake aika su ga babbar na'urar da ke Kwatano, wadda ke riƙe da sunan kowa.

Wani gida bakin fadamar shinkafa na iske tsohuwa zamne tana gyaran albasa, ɗiyarta tana tankaɗe. Na tambayi shekarunta, ta ce ba ta ƙirga ba. Na sa mata saba'in.

Ta ce, "Ina za ka kai ni?"

Na ce, "Nan cikin waya za ki zamna, inna, sai na samu rezo."

Ta ce to, ta ci gaba da albasarta.

Ruwa ya ɓata hanya, na yi kwana tara ban komo gari ba. Cikin kwanakin nan tsohuwar ta rasu, ban ji ba. Wani abokin aikina da ya bi ta unguwarsu bisa babur ya iske zaman makoki, ya rubuta rasuwar, ya aika ran nan daga garin Gene, inda akwai rezo. Da na iso biro, wato ofishinmu na Malanbil, na aika nawa. Na'urar kuwa abin da ya iso ƙarshe take ɗauka, sai ta shafe nashi ta aje nawa. Tsohuwa ta koma cikin masu rai.

Ba wanda ya lura sai ranar rabo. Ni ke kiran sunaye ƙarƙashin rumfa, na kira nata har sau biyu. Ɗiyar ta taso daga cikin mata ta tsaya gabana.

Ta ce, "Malam, inna ta rasu, yau kwana ashirin."

Na yi mata gaisuwa. Na duba waya, ga tsohuwa nan da shekarunta saba'in da na ba ta. Shugabanmu ya ce a miƙa mata sangen tunda ya riga ya fito. Ta karɓa da hannu biyu, ta koma wurinta.

Da la'asar na gyara rubutun a biro. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata, na danna i. Daga baya anka canza tsarin: in rubutu biyu sunka saɓa, sai mutum ya duba ya zaɓa.