Zuwa Abuja da Wasiƙar Kabiru a Aljihu

Badarawa zuwa Kawo

Na fito daga gida ranar Litinin ana kiran assalatu, da ƙaramar jaka a kafaɗa da babban ambulan a hammata. Inna ta rako ni har zaure tana jero addu'a, ta cusa min ƙullin dabino a aljihu. Abuja za ni, ofishin da ke karɓar takardun masu neman biza, a ɗauki hotona da zanen yatsuna. Matata Hadiza ma'aikaciyar jinya ce, shekara biyu ke nan tana aiki a wani asibiti a Ingila, ni kuwa kafinta ne a nan Badarawa, cikin Kaduna. Bana ta kama ɗaki nata, ta ce lokaci ya yi da zan bi ta.

Abin da Turawan ke son gani shi ne auren gaske ne, ba na neman biza ba. Takardar shaidar aure muna da ita. Amma aka ce a haɗa da hotunan mata da miji tare, to a nan muka maƙale. Ranar ɗaurin aure ina masallaci cikin maza, ita tana cikin gida cikin mata. Babana, Allah ya jiƙansa, ya hana a yi dina. Hotonta ɗaya ne, na ranar kai amarya, an lulluɓe ta da mayafi har ƙirji, ni kaina ba zan rantse ita ce ba. Bayan nan kuma gida ɗaya muka zauna da Inna. Wa zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da matarsa a tsakar gida yana washe baki, uwarsa na kallo?

Sai Hadiza ta ce wani da ya san mu zai rubuta wasiƙar shaida, ya ce lallai mu ma'aurata ne. Ban tambayi ko wane ne ba, don na sani. Kabiru ne, ɗan unguwar Malali, ajinsu ɗaya a makarantar koyon jinya. Shi ya riga ta tafiya, shi ya nuna mata hanyar aikin, shi ya tarbe ta a filin jirgi. Kuma rabin unguwarmu sun san kafin in fito neman aurenta ya taɓa zuwa zance gidansu. Yana da mata yanzu, na sani, amma sanin bai taɓa sanyaya min rai ba. Wasiƙar tasa tana cikin ambulan ɗin da ke hammatata, ina jin ta kamar garwashi.

Na yi sallah a masallacin bakin titi, na hau Keke Napep zuwa tashar Kawo.

Kawo zuwa Kateri

Na samu gidan gaba a wata Sharon. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, na yi ƙorafi, ɗan kamasho ya ce in je in tambayi gidan mai. Gari na wayewa muka cika muka ɗau hanya.

A bayana akwai wata yarinya, Rukayya, da gwaggonta. Tun kafin mu fita daga gari na gane ofishi ɗaya za mu, ita ma mijinta za ta bi. Ta buɗe wani kundin hotuna mai kauri tana nuna wa gwaggon: ga su a wurin shaƙatawa kafin biki, ga su a dina yana ba ta kek a baki, ga su sun sa kaya iri ɗaya ranar sallah. Ban juya ba, amma kunnena na can. Sai ga mijin ya kira, ta ɗauka tana wani narkewa, gwaggon na zaune ko a jikinta. Na yi tsaki a raina na ce yaran yanzu ba kunya. A ƙasan tsakin kuwa hassada ce zalla.

Direba ya dubi ambulan ɗina.

"Malam, kai ma wajen za ka?"

"In Allah ya yarda. Wurin iyali."

"Au, Hajiya ce a can? Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

Ya buga sitiyari. "Kai, kana da zuciya! Ni tawa ko Zariya ta je biki ta kwana biyu, sai na ƙirƙiri lodi na bi ta."

Na ce masa ya kula da hanya, akwai rami.

Kafin Kateri sojoji suka tsayar da mu, suka leƙa but ɗin motar, ɗaya ya tambayi abin da ke cikin buhun wani fasinja, aka ce citta ce, ya ɗaga hannu muka wuce. Ana gyaran titi, an mayar da motoci hannu ɗaya, muka yi ta jan ciki bayan tireloli har rana ta ɗaga.

Tafa

A Tafa muka tsaya cin abinci. Na sayi shinkafa da wake da mai da yaji, ga arha ga yawa. Na kai loma biyu ke nan wayata ta yi ƙara. Hadiza ce ta turo hotunan ɗakin da ta kama, ta ce in wanke su in haɗa, don a ga akwai inda zan zauna. Ga ƙofa, ga kicin, ga taga. Na uku daga ƙarshe sai ga Kabiru, ya naɗe hannun riga, yana riƙe da sukuddireba, Hadiza na gefensa tana dariya har haƙoranta sun fito. A ƙasa ta rubuta: "Ranar da aka haɗa mana gado."

Shinkafar nan ta koma min ƙasa a baki. Ni, Sabi'u, da na yi fiye da shekara goma ina haɗa wa amaren Kaduna gadaje, wani ƙato ne ya haɗa wa matata gado. Na faɗaɗa hoton da yatsu ina neman aibu, na kuwa samu: allon kai ya karkace, ƙafa ɗaya ba ta zauna ba. Na ji daɗi na ɗan lokaci. Sai na koma kan fuskarta. Wannan dariyar ban taɓa ganin irinta a gidanmu ba, inda kullum take rufe baki da gefen mayafi.

Na rubuta mata "Na gani," ban ƙara ko harafi ba. Sauran shinkafar na bar ta a faranti.

Zuba

Mun iso Zuba ana shirin azahar. Yaya Tijjani, ɗan wan babana, yana sayar da lemo da ayaba a kasuwar kayan marmari, shi ne masaukina. Ya kai ni wani shago aka wanke hotunan. Mai shagon ya wanke har da na Kabiru, ban hana shi ba, don ban san yadda zan ce ba.

Da yamma matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe. Muna ci na ba shi labari duka. Ya saurara yana suɗe yatsu.

"Wasiƙar me ta ce?"

"Wai ya san mu tun kafin aure, wai ya halarci ɗaurin aure."

"Ƙarya ce?"

"Gaskiya ce, Yaya. Ina ganinsa a sahu na biyu, fuska a murtuke."

"To ka sa ta mana. Biza kake nema ko faɗa?"

"Wato sai wanda ya so matata ya sa hannu kafin a yarda ni ne mijinta?"

Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce in sha ruwa in kwanta. Kafin in kwanta na zare wasiƙar da hoton gadon daga ambulan, na ninke su na sa a aljihun kaftani. Na ƙudura a raina da takardar aurena kaɗai zan shiga, in ta isa ta isa.

Cikin Abuja

Talata da sassafe na hau motar haya zuwa cikin gari, daga nan tasi ta kai ni ƙofar ofishin. Aka duba sunana, aka sa na kashe waya, aka shafa min na'ura a jiki. A ciki sanyi kamar firji, mutane zaune a jere kowa rungume da takardunsa. Rukayya na gabana da kundinta. Da aka kira ta sai da ma'aikaciyar ta ce ya isa haka, ta zaɓi kaɗan.

Aka kira ni. Ma'aikaciyar ta fara da Turanci, da ta ga sunana ta juya Hausa, ashe 'yar Zariya ce. Ta rinƙa ɗaukar takarduna ɗaya bayan ɗaya tana sa wa na'ura. Ta zo kan hoton masallaci, ga ni cikin babbar riga tsakanin maza. Ta zo kan na lulluɓi. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"Malam, babu wanda kuke tare?"

"Babu."

"Mu dai karɓa muke yi, ba mu ke yanke hukunci ba. Amma in akwai wani abu da ya rage, yanzu ne lokacinsa. In na rufe shi ke nan."

Na tuna Hadiza tana fita aiki cikin sanyi tana tara kuɗin bizar nan, na tuna ɗakinmu na Badarawa da na gaji da kwana a cikinsa ni kaɗai. In aka ƙi ni saboda taurin kaina, wa zan ce ya cuce ni? Na sa hannu a aljihu na ciro wasiƙar. Ashe hoton ya maƙale a cikin ninkin, ya faɗo kan tebur.

Ta ɗauka, fuskarta ta washe.

"To ga shi kuwa! Ka ce babu? Kun yi kyau wallahi." Ta dube ni, ta dubi hoton. "Amma ka rame, Malam. A nan ka fi cika."

Da ƙyar na ce, "Ba ni ba ne."

"Na'am?"

"Ba ni ba ne. Shi ne mai wasiƙar."

Baiwar Allah ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta tura min hoton a hankali ta ce wannan ba sai an sa ba, ta sa wasiƙar a na'ura. Aka kai ni wani ɗaki aka ɗauki zanen yatsu, aka ce in dubi kyamara kar in yi murmushi. Ban taɓa samun umarni mai sauƙin bi kamar wannan ba.

Ina fita na kunna waya na kira Hadiza, na yi sa'a tana hutun cin abinci.

"Malam, an gama? Alhamdu lillahi!"

"An gama. Har an ɗauka Kabiru ne mijinki."

"Kamar yaya?"

Na gaya mata. Na ƙara da cewa mutum ya ga yadda take dariya a hoton nan dole ya yi zaton haka.

Muryarta ta canza. "Ranar da zan tafi, a filin jirgi, ban ce mu tsaya a ɗauke mu ba? Me ka ce min?"

"Inna na wurin. Ai tarbiyya ce."

"To tarbiyyar ce ta kai ka ga wasiƙar Kabiru. Ni hutuna ya ƙare."

Ta kashe. Na tsaya a bakin titi riƙe da waya, masu tasi na ta yi min hon.

Komowa

Na koma Zuba na yi sallama da Yaya Tijjani, ya cika min leda da lemo. Motar komowa bas ce, an matse mu kamar buhunan masara. Daga Jere ruwa ya tsuge, gilashin gefena ba ya rufuwa, hannun rigata ya jiƙe sharkaf. Ban damu ba. Wayar nake ta dubawa, ko saƙo ɗaya babu. Raina na ta kawo min abubuwa: yanzu ta tashi daga aiki, yanzu tana ba wani labarin abin da na yi, kuma na san wane ne wanin. Sojojin Kateri ma da suka tsayar da mu, ban ɗaga kai ba.

Mun shigo Kawo ana kiran magariba. Inna ta tarbe ni da fura, ta tambayi hanya, na ce lafiya lau. Na shiga ɗaki ke nan wayar ta yi ƙara.

"Ka isa?" Hadiza ce, muryar a dake.

"Na iso."

"To. In Allah ya sa bizar ta fito, ka gaya min ranar da wuri. In ina aiki Kabiru zai zo ya ɗauke ka, yana da mota."

"Kar ya zo."

"Wa zai kawo ka? Ba ka san gari ba."

"Zan zauna a filin jirgin har ki tashi. In kwana biyu ne ma zan zauna."

Sai ta tambaye ni:

"Malam, wai kishi kake yi?"

Na dubi ƙofa, Inna na tsakar gida tana alwala, kuma na san tana ji. Ban rage murya ba.

"Eh, kishi nake yi. Shekara biyu ina yi."

Na ji ta ja numfashi, sai wata 'yar dariya mai haɗe da kuka.

"Shekara huɗu da aure, yau ka fara gaya min abin da ke ranka. Zan nemi hutu. Ni zan zo."

A waje na ji Inna ta yi gyaran murya, ta ja butarta ta yi ɗakinta.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya a wannan hanya. Na gode wa Yaya Tijjani da iyalinsa, da 'yar Zariyar nan da ta ba ni dama kafin ta rufe. Kabiru ma na gode masa, tunda wasiƙarsa na cikin takarduna, ba yadda na iya. Biza tana hannun Allah, har yau ina jira. Amma in ta fito, Hadiza ce za ta tsaya a ƙofar fitowa, ita kaɗai.