Tarihin Mai Tsana da Hannunta na Dama

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiya, wadda duniya ta sani da Mai Tsana, a shekarar 1948, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta kuma ungozoma, ita ce ta uku a ɗakinsu. Ta shiga firamare a 1955, ta kammala a 1962, ta zauna a shagon mahaifinta tana ɗinka 'yan tsana da ƙyallayen da suka zube ƙarƙashin keke, har wani mai wasan 'yan tsana ya zo gyaran labule, ya gani, ya nemi a ba shi ita ya koya mata sana'a.

Koyon Sana'a

A farkon 1964 ta fara zuwa gidan wannan malami, wanda ɗalibai ke kira Malam Sake a bayan idonsa, domin kalmar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. Mutum ne da ko tari ya yi sai ɗalibi ya shiga taitayinsa. Ƙa'idarsa ita ce ɗalibi ya durƙusa cikin akwatin wasa, wuri mai duhu da warin gam, ya sa 'yar tsana a hannun dama, ya ɗaga ta sama da katakon dandali har tsawon sa'a guda. Ƙarƙashin gwiwar hannun kuma akwai wani katako da ya kafa wa ƙusoshi uku, tsininsu na kallon sama. Wanda hannunsa ya sauka, ƙusa ta gaishe shi, a ce masa sake. Wanda aka ce wa sake sau uku a rana ɗaya, ya kwashe kayansa ke nan.

Ta ji tsoron korar nan fiye da ƙusoshin, saboda mahaifinta ya riga ya gaya wa duk unguwa cewa 'yarsa za ta zama gwana. A wata na biyar, bayan an ce mata sake sau biyu, kafaɗa na mata zugi kamar an zuba garwashi, ta gano wata dabara wadda, wallahi, gara ba ta gano ba. Idan ta ɗaure damtsenta tamau da igiyar zane ƙarƙashin riga, hannun yakan mutu, ya daina zafi, ya daina rawa. Tun daga ranar 'yar tsanarta ba ta ƙara sauka ba. Malam, wanda bai taɓa yabon kowa ba, ya riƙa nuna ta ga sauran yana cewa haka ake hannu. Shekara huɗu tana wannan ɗauri. Kullum in ta kwance igiyar takan zauna bayan ƙofa tana jiran yatsun su farfaɗo, kuma kullum jiran sai ƙara tsawo yake.

Aiki

Daga 1968 ta riƙa zagaya makarantu da asibitoci tare da ƙungiyar malaminta, sunanta ya fito ƙwarai. A watan Maris na 1972, tana tsakiyar wasa a ɗakin yara marasa lafiya, 'yar tsanar ta sunkuyar da kai, ta ƙi ɗagowa. Yaran suka fashe da dariya, sun zaci wasa ne, ita kuwa tana ƙarƙashin katako tana umartar yatsunta, babu wanda ya amsa. Likita ya duba tabon igiyar, ya tabbatar mata cewa jijiyar ta lalace, ba gyara. Da Malam ya zo dubiya ya tambaye ta musabbabin abin, tsoron nan dai bai sake ta ba.

“Faɗuwa na yi a matakala, Malam,” in ji ta.

Ya rasu a 1980 bai san gaskiya ba.

Aure da Iyali

A 1974 ta auri kafintan da ke haɗa wa ƙungiyar akwatin wasa, mutum mai haƙuri da barkwanci, wanda ke tsokanarta da cewa shi ne hannunta na dama, don haka kada ta kuskura ta yi masa faɗa. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Kowace safiya kafin ya tafi shago shi yake ɗora mata jariri a baya ya ɗaure zanen, in kuwa goyon ya kwance da rana sai ta tsaya cak, a tsorace, tana kiran maƙwabciya. Ta ci gaba da koyar da muryoyi da tafiyar 'yan tsana da hannun hagu har 1999, kuma takan sa kowane ɗalibi ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa kafin ya shiga akwati.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa da safiyar wata Laraba cikin watan Yuni na 2011, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara sittin da uku, aka yi jana'izarta bayan azahar a maƙabartar unguwa. Ta bar mijinta, da babban ɗanta direban jirgin ƙasa, da mai bi masa malamar makaranta, da na uku mai gyaran agogo, da autarta ma'aikaciyar jinya, da jikoki tara. A cikin su duka, 'ya'ya da jikoki, babu ko ɗaya da ta taɓa ɗauka da hannu biyu. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.