Matatar da Ban Wanke Ba

Da tarin Baba ya yi tsanani, yayana ya aiko masa da wata na'ura har gidanmu a Jega. Ruwa ake zuba mata, ta riƙa sanyaya busasshiyar iskar ɗaki don numfashi ya yi sauƙi. A cikinta akwai matata fara kamar soso, ni ce mai wanke ta duk Juma'a da ruwan lemun tsami.

Wata Juma'a na ciro ta, sai na gan ta baƙa ƙirin, tana danƙo. Ashe Inna ce take juye rubutun shan da malami ke aiko wa Baba a cikin tankin. Tunda haɗiya ta fara gagararsa, ta ce gara ya shaƙi ayoyin. Ƙaron tawadar ya toshe matatar gaba ɗaya, har ta yi ruma, wato funfuna, ta soma wari.

Raina ya ɓaci. Na ɗauke ta na nufi bakin makwarara don in wanke ta, sai Inna ta riƙe mini hannu.

"Ɗiyata, ina za ki zubda ruwan ga?"

Na tsaya cak. Ruwan ayoyi ba ya bin kwata, ruwan ruma kuma ba ya shayuwa. Na aika Aliero da Maiyama neman sabuwa, babu wanda ya ma san sunanta.

Baba ya rasu kafin damina. Matatar tana nan bisa durowa, naɗe cikin farin ƙyalle. Na kasa wanke ta, na kasa yar da ita.