Gurbin 'Yan Amshi

Makon jiya ina tuƙi daga unguwar Irving Park, inda nake jinyar wata tsohuwa, rediyo ya sako sabon albam na wani dattijon mawaƙin rok. Wai abokan kiɗansa duk sun mutu ko sun watse, shi ne ya yi wannan shi kaɗai, da salon buluz, kiɗan nan mai sanyi na baƙin ciki. Murya duk ta dushe. In ya yi baiti sai ya yi shiru, jita na kuka, kamar yana jiran wani ya karɓa. Wallahi sai da na gangara gefen titi.

Sai ya tuna min da Hajiya Kaka, mahaifiyar Mama. An ɗauko ta daga Zariya don ta yi renonmu, ni da ƙanena Sadiq, a ɗan gidanmu na East Greensboro, nan ƙasar waje. Bayan magariba takan ja kujera gaban hita, ta miƙe ƙafa, ta ce, “Wutar da ba hayaƙi ba toka, wannan ma wuta ce? To, ku matso.”

Tatsuniyar da ta fi so ta Tanko makaɗi ce. Yunwa ta faɗa garinsu, 'yan amshinsa suka gudu ɗaya bayan ɗaya. Ya je bakin rijiya ya rera, rijiya ta maido masa da maganarsa. Ya ce, “Ke, amshi nake nema, ba kwaikwayo ba.” Ya bi gari gari, ya yi baiti ya bar gurbi, ya yi baiti ya bar gurbi, har ya mutu baki buɗe.

A nan Kaka takan rera waƙar Tanko, ta miƙo mana tafin hannu, don amshin namu ne. Ta koya mana ya fi a ƙirga. Sadiq idonsa na kan talabijin. Ni kuwa, uwar iyayi, sai in ce mata da Turanci waƙar ba daɗi.

“Ku karɓa mana, 'yan nema! Waƙa ba ta tafiya da ƙafa ɗaya.”

Mu yi ta dariya. Ta jira, ta jira, sannan ta karɓa wa kanta a hankali. Wani hunturu ta daina miƙo hannun, daga baya ta daina tatsuniyar gaba ɗaya. Ko a jikinmu.

Da ina cewa labarin yunwa ne. Sai da na ji dattijon nan na gane kanta take ba mu labari, mu ne muka gudu muna zaune a gabanta. Shekararta tara a ƙarƙashin ƙasa yanzu, kuma abin yana cina.

Karin waƙar na nan a kaina, kalmomin amshin ne babu. Na kira Sadiq a Summerfield, ya ce wace waƙa? Na kira Mama, na rera mata karin har sau biyu.

Ta ce, “Ai lokacin kullum ina wurin aiki, 'yar nan. Ku kaɗai ta rera wa.”