Aljanar Kawu Bala

Duk wanda ya san Kawu Bala ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya kalli ƙafarka. Ka ce masa ina kwana, ya sunkuya ya ƙare wa takalminka kallo, sannan ya ɗago ya ce, "Lafiya lau. Yaya mutanen Salka?" Kai kuwa ba ka gaya wa kowa ka je Salka ba. Gyaran rediyo ne sana'arsa a bakin kasuwar Kontagora, amma sunan da ya yi, a wajen biki ya yi shi, inda yake dafa goshin mutum ya faɗi abin da ke ransa.

Ku da kuka sha kallo, dariya kuke yi. Mu a gida abin ba na dariya ba ne. Inna, mahaifiyata, ita ce yayarsa, kuma ta yi imani da aljanu yake aiki. Tsoronta ɗaya ne, kada ƙaninta ya mutu a kan shirka. In ta ce, "Bala, ka ji tsoron Allah ka gaya mini gaskiya," sai ya ce, "Yaya, sirrin sana'a ne." Taurin kai kam Allah ya ba shi.

Ga maƙo. Takardun da yake raba wa mutane su rubuta sirrinsu, bayan tsohuwar kalanda ne, fensirinsa kuwa bai kai ɗan yatsa ba. Wani ango ya ji kunya ya miƙa masa sabon biro. Kawu ya yi godiya, ya jefa shi aljihu, ya miƙa wa angon guntun fensirin.

"Tawada tana rufe mini ido," in ji shi.

Bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. A wani biki ya jawo wani manomi baƙo daga wajen Rijau, ya ce ya riƙe sunan matarsa a zuci. Ya dafa goshinsa ya ce Ladi. Mutumin ya girgiza kai. Ya ce Asabe. Nan ma a'a. Kawu ya share gumi.

"Tsaya, malam. Da wane yare kake tunanin?"

"Da Dukanci."

"To ka gani. Ni Hausa kaɗai na iya karantawa."

Da ciwon ajalinsa ya yi tsanani, na raka Inna dubiya. Ta zauna a bakin gado tana kuka.

"Bala, don girman Allah ka sallami aljanun nan tun kana da numfashi."

Ya kalle ta ya ce, "Guda ɗaya ce, Yaya. Kina so ki gan ta?"

Inna ta damƙe hannuna tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Kawu ya tattara ɗan ƙarfinsa ya kira, "Talatu."

Sai ga matarsa ta shigo, mai kitson unguwarmu, da tsinken kitso soke a kai.

"Ga ta nan. Duk matar da ta ɗora kai a cinyarta sai ta zazzage labarin gidansu. Ita ta kawo mini, ni in dafa goshi."

Inna ta kalle shi, ta kalli Talatu da ke rufe baki da gyale.

"Wato shekara da shekaru ina kwana da fargaba, ashe gulma ce kawai?"

"Gulma da ɗan ƙarya, Yaya."

"Alhamdu lillahi," in ji Inna, tana dariya hawaye na zuba. "Wannan istigfari ya isa. Maza fara."

Ya fara, ita tana ƙirga masa da carbinta. Ban taɓa ganin wanda ya yi murna da jin ɗan'uwansa maƙaryaci ne kamar Inna a ranar ba. Bayan kwana uku ya cika da kalmar shahada a bakinsa, hannunsa cikin nata.

Ya Allah, Kai kaɗai ka san abin da ke cikin zukata. Ka gafarta wa Kawu Bala, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sada shi da rahamarKa. Amin.